Gidan haya a hanyar Gaya, mai shi yana Fatakwal

16 Yuli 2022

Jiya bayan la'asar aka shafa fatiha, fili ya zama nawa. Ƙafa 50 da 100 ne, a bakin ƙauyenmu ta wajen titin da ya tashi daga Wudil ya nufi Gaya, wurin da muka taso muka ga ana shuka gyaɗa. Naira 850,000 na biya, ban da la'adar dillali da goron shaidu. Hutun Babbar Sallah ne ya kawo ni gida, jibi zan kama hanyar Fatakwal. Na sayi wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da na kashe da abin da aka faɗa mini, domin na san halin kaina da mantuwa.

Shekarata 11 ina aiki a Kudu. Na taɓa sayen shanu uku na ba da kiwo, biyu aka ce sun mutu, ɗaya aka ce ta ɓata a daji. Kuɗi kuwa in ka bar su a banki, suna nan a rubuce amma abin da za su saya kullum raguwa yake. Shi ya sa na koma tunanin ƙasa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta fara karatu tun 2001, ɗalibai kuma sun bazu cikin gari da ƙauyukan gefe suna neman ɗaki. Daga filin nan zuwa ƙofar makaranta ɗan tafiya ne a babur. Niyyata ɗaki takwas, bayi huɗu, da rijiya a tsakar gida.

Wasu a majalisa sun yi mini dariya, wai malaman jami'a suna yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, gidajen haya duk an garƙame, ni kuma yanzu na ga lokacin gini. Na ce ai shi ya sa filin ya yi sauƙi.

Abin da ya ci mini kwana huɗu shi ne takarda. Gonar ta gado ce, magada bakwai, maza uku mata huɗu. Babban wansu ya ce sa hannunsa ya wadatar. Na ce a'a. Sai da muka je har Garko wajen ƙanwarsu da ke aure a can ta dangwala yatsa a gaban mijinta. Rigimar fili a ƙauye yawanci daga nan take tasowa: a sayar da kason mace ba ta sani ba, bayan shekara goma ɗanta ya girma ya kai ƙara. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, maƙwabtan iyaka suka tsaya aka kafa duwatsu. Saura takardar ƙaramar hukuma, tunda a dokar mallakar ƙasa ta 1978 filin da ba na cikin birni ba ita ce ke ba da izinin zama a kansa. Ƙanena zai bi wannan.

4 Satumba 2022

An haƙa harsashi, an zuba, bulo ya hau layi huɗu. Ruwan bana ya yi yawa, labarin ambaliya a Jigawa kullum a rediyo, don haka na ce birkila ya ƙara layi biyu kafin a yi daɓe, gidan ya ɗaga sama da titi. Ya yi ƙorafin tsada kamar daga aljihunsa za a biya. Ƙanena ne ke tsaye a kan aikin, duk yamma yana turo mini hoto ta WhatsApp.

20 Nuwamba 2022

An janye yajin aiki tun 14 ga Oktoba, ɗalibai sun dawo, masu dariya sun yi shiru. Gini ya kai linta.

Amma ga abin da ya faru da siminti. Na tura kuɗin buhu 60, kowane a kan 4,300. Tun farko na ce kada a zubar da buhun da aka juye, a tara mini a ɗaki ɗaya. Da birkila ya ce siminti ya ƙare, na sa ƙanena ya kira ni ta bidiyo ya ƙirga a gabana. Buhu 51. Ya ƙara ƙirgawa, 51. Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce Baffa ne ya sa a kai biyar masallacin unguwa za a gyara wurin alwala, huɗu kuma aka ara wa wani maƙwabci da katangarsa ta faɗi da damina.

Na daɗe riƙe da waya. Ba wanda ya saci komai. Da an tambaye ni, na masallacin da kaina zan bayar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya ga akwai buƙatar a tambaye ni. A wurinsu abin ɗansu nasu ne, ni ma haka aka raine ni, kuma da wannan ɗabi'ar aka biya mini kuɗin makaranta. Sai dai gini ba ya tashi da haka.

Daga yau kai tsaye zan riƙa biyan mai shagon siminti a Wudil, yana fitar da buhu goma-goma, sai na kira shi da bakina.

12 Fabrairu 2023

Aiki ya tsaya cak, mako na uku ke nan. Canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace. Lebura kuwa da yamma yake son kuɗinsa a hannu ya sayi garin tuwo, ba ruwansa da tiransifa, yawancinsu ma ba su da asusu. Mai POS a kasuwar Juma'a ya ce sai an ba shi 2,000 a kan kowace 10,000. Na ce a dakata. Kafinta shi kaɗai ya yarda a tura masa, ya buga katako ya rufa kwano. Ko ba komai ruwa ba zai same mu a buɗe ba.

2 Yuli 2023

Na zo Sallah, na ga gidana da idona karo na farko tun yana layi huɗu. Gani ya kori ji. A hoto filasta sumul take, a fili kuwa bangon ɗaki na uku kamar bayan kada. Ƙofar bayi ɗaya ba ta rufuwa. An haɗa kwatar gidan ta nufi ƙofar maƙwabci, wanda da ban zo ba da damina ta haɗa mu faɗa. Duk an gyara cikin kwana biyar saboda ina tsaye. Cire tallafin mai da aka yi ranar 29 ga Mayu ya sa tifar yashi ta kusa ninkawa, Allah ya sa abin da ya rage kaɗan ne. Jimillar abin da gidan ya ci, har da fili, miliyan 8 da dubu 600.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubutu da daren nan. Tun a mota nake tsara yadda zan nemi wanda zai riƙe gidan, a yi rubutu, a yanka masa lada. Washegarin Sallah muna zaure ana cin soyayyen nama, Baffa ya goge hannu ya ce, "To ɗan nan, gini ya ƙare. Makullan fa? Kawo su nan, ka koma bakin aikinka hankali kwance. Ina raye ba za ka ɗauko bare ya riƙe maka gida ba."

Mutumin nan shi ya sayar da ragonsa ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare bayan rasuwar mahaifinmu. Ga dattawa huɗu a zaune suna kallona. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa." Na miƙa makullai da hannu biyu.

Mun tsayar da 60,000 kowane ɗaki a shekara. Ban iya cewa a rubuta ba.

29 Oktoba 2023

An ce ɗakuna duk sun cika. Takwas sau 60,000 ya kama 480,000. Abin da ya shigo asusuna 215,000.

Na kira Baffa sau uku a watan nan. Kowane kira sai mun gaisa, mun tambayi iyali, mun yi maganar kaka da farashin gero, sannan in lallaɓa in ce, "Baffa, ya wajen yaran nan 'yan haya?" Sai ya ce, "Lafiya lau, yaran kirki ne, sauran kuɗin suna hanya." Daga nan ba ni da bakin ƙarawa. Yaya zan ce wa ƙanin mahaifina ɗaki nawa ne suka biya, ina rasit? A ofis ina tsare ɗan kwangila a kan naira dubu biyar har sai ya kawo takarda. A nan dubu 265 ta maƙale, ina ta "to madalla."

7 Janairu 2024

Na yi hutun ƙarshen shekara a gida. Ranar da na sauka ban gaya wa kowa zan je gidan hayar ba, bayan isha'i na ɗauki tocila na tafi ni kaɗai. Na ƙwanƙwasa ɗaki-ɗaki, na ce ni ne mai gidan. Wasu ba su yarda ba, a saninsu gidan na Baffa ne.

Ga abin da na tarar. Ɗakuna huɗu sun biya cif. Biyu sun ba da rabi, an ce su kawo saura in sun samu, ba a sa musu rana ba. Ɗaki na shida ɗan wani aminin Baffa ne a ciki, kyauta. Ɗaki na bakwai ba mutum, buhunan gero da wake ne har kusa da silin, warin maganin ƙwari ya cika wurin. A ɗaki na takwas kuwa katifa huɗu na ƙirga: wanda ya kama ɗakin ya zuba abokansa uku yana karɓar kuɗi a hannunsu, har ya fi ni cin riba. Masai ɗaya ya cika ya fara tsatsafowa ta bayan katanga. Ba wanda ke da takardar shaidar ya biya ko sisi.

Lissafi ya nuna an karɓi 300,000. Da na zauna da Baffa, tun kafin in kai ƙarshen zance ya ce 85,000 ya taɓa ya cika kayan ɗakin autarsa, zai mayar in ya sayar da wake. Bai ɓoye ba, bai kuma ji ya yi laifi ba. Ni ma na kasa ganin laifin a fuskarsa.

Na shiga wajen Inna raina a jagule. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika doguwar magana da ni ba. Tana tsince shinkafa a faranti ba ta ɗago ba ta ce, "Kai ka jawo. Wanda ba ka iya tambaya, ba ka ba shi ajiya." Can ta ƙara da cewa, "Kada ka je karɓar makulli. Ɗaga shi sama za ka yi. Abin da za ka ba shi, ka ba shi da hannunka da sunan kyauta, kowa ya san kyauta ce."

Haka na yi. Na je da liman, na ce wa Baffa girmansa ya wuce a ce yana bin yara bashin haya suna yi masa ƙarya, ina so ya zama uban gida, in rigima ta taso a kawo gabansa, wahalar yau da kullum kuma a ɗora wa wani. Na ce 85,000 na yafe, gudummawata ce ta biki. Kuma duk azumi kuɗin ɗaki ɗaya nasa ne. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya yi albarka." Ban san ko ya ji daɗi ba. Da safe ya aiko jikansa da makullai a cikin leda.

25 Fabrairu 2024

Buhun siminti ya haura 10,000 a watan nan. Duk takaicin da nake ji, na gode wa Allah da na gama gini bara.

Mako shida ina neman wakili daga nesa, ƙanena na riƙe da makulli na wucin gadi. Mutum uku na auna.

Na farko wani ofishi ne na masu kula da gidaje a cikin birnin Kano, masu rajista, da lauyansu. Kashi 10 cikin 100 na haya suke karɓa. Mutumin ya yi mini gaskiya: kashi goma na 480,000 shi ne 48,000 a shekara, ba zai isa man motar da za a riƙa zuwa bayan Wudil duk wata ba. Ya ce za su iya karɓa, amma sau biyu a shekara za a leƙa. Gidan ɗalibai kuwa kullum da abin da ya karye. Mun rabu lafiya, har ya turo mini samfurin takardar yarjejeniyarsu.

Na biyu dillali ne a Wudil, gidaje sun fi 30 a hannunsa, baki kamar zuma. Ya ce shi ba sai na biya shi komai ba. A nan na tsaya, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Ashe a wajen ɗan haya yake karɓar la'ada duk sanda sabo ya shiga, ke nan ribarsa tana cikin a fita a shigo, ba a zauna lafiya ba. Ban tambayi masu gidajen da ya ba ni lambarsu ba, na san zaɓaɓɓu ne. Ƙanena na tura ya shiga gidaje biyu ya tambayi ɗaliban da ke ciki. A ɗaya an ce injin ruwa ya yi wata biyu a lalace, in an kira shi sai ya ce mai gida bai turo kuɗi ba.

Na uku ban ma yi tunaninsa ba sai da liman ya ambace shi. Tsohon hedimastan firamare ne da ya yi ritaya, gidansa na bayan nawa, katanga ɗaya ta raba. Shi ne ma'ajin masallaci shekara da shekaru, duk Juma'ar ƙarshen wata yana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita har naira hamsin. Ya koyar da ni a aji huɗu, har yau in na ji muryarsa sai na gyara zama.

Na gwada shi ba tare da na faɗa ba. Na tura 40,000 na roƙe shi ya taimaka a kwashe masai a gyara bakin ramin. Bayan kwana uku jikansa ya turo hoton takardar da aka yago daga littafin makaranta, an ja layi da rula: masu kwasa kaza, siminti buhu ɗaya, yashi baro biyu, birkila, har ruwan leda na masu aiki. A ƙasa an rubuta, "Saura 6,500, suna hannuna."

Da na yi masa tayin riƙon gidan, bai tambayi nawa zan ba shi ba. Cewa ya yi, "Injiniya, tambaya biyu. Wa ke da ikon fitar da ɗan haya, ni ko kai? Sannan in Baffanka ya aiko a ba wani ɗaki, me zan ce masa?" Na ce, "Malam, me kake ganin ya dace?" Ya ce, "Zan ce ba nawa ba ne, ba ni da ikon kyauta da shi. Amma sai ka rubuta haka, in nuna."

10 Maris 2024

An sa hannu jiya, mai unguwa da liman shaidu, ƙanena ya sa a madadina, Baffa na zaune a kan kujera a matsayin uban taro.

Kuɗin haya ba ya bi ta hannun Malam ko kaɗan. Na buɗe asusu daban na gidan kawai, ɗan haya ya tura can, in na ga shigarsu in sanar da Malam ya rubuta rasit. Shi da kansa ya nemi haka, ya ce kuɗin mutane a aljihu fitina ne ko ga mai tsoron Allah. Ladansa kashi 10 na abin da ya shigo, ba na abin da ake bi ba, don haka ɗakin da ya zauna ba kowa asararmu ce tare. Ina ajiye 30,000 a hannunsa na ƙananan gyare-gyare, abin da ya wuce 15,000 sai ya kira ni. Ƙarshen kowane wata hoton littafi. Shekara ɗaya ce, wanda ya gaji ya ba ɗan'uwansa sanarwar wata guda. Liman ya yi mana bayanin cewa a fiƙihu wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka iyakance masa. Shi ya sa iyakar take buƙatar rubutu.

Ta 'yan haya kuma, wani abokina lauya ya ja kunnena a kan abu ɗaya. In ka bar haya a buɗe, shekara na bin shekara ba ranar ƙarewa, fitar da mutum na iya buƙatar sanarwar wata shida. In kuwa an rubuta ranar shiga da ranar fita, magana ta yi sauƙi. Wannan ya kuma kashe gardamar da ɗalibai ke yi cewa su kuɗin zangon karatu suka biya ba na shekara ba, alhali tun bayan yajin aiki zangon ya daina tafiya daidai da kalanda. Yanzu daga 1 ga Oktoba ne zuwa 30 ga Satumba. Mutum biyu a ɗaki, kowa da wanda zai tsaya masa, da 10,000 na ajiya saboda ɓarna.

23 Yuni 2024

Sallah a gida. An kwashe buhunan, an wanke ɗakin, wani ɗan bautar ƙasa ya kama na wata shida. Masu rabin kuɗi sun cika. Tsakar gida a share, an shuka darbejiya biyu a ƙofa.

Amma Malam ma da nasa. Ƙarfe tara na dare yake sa kwaɗo a ƙofar gida kamar makarantar kwana. Masu karatun dare da masu zuwa kallon ƙwallo sun sha kwana a shagon mai shayi, biyu sun ce ba za su sabunta ba. Na je na same shi, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, waɗannan fa ba 'yan aji huɗu ba ne, wasu da gemunsu." Ya ce tarbiyyar unguwa amana ce, mai unguwa ma da sharaɗin haka ya yarda a zuba samari a wurin. Da ƙyar muka tsaya a ƙarfe 11, da makulli ɗaya a hannun wanda ɗaliban suka zaɓa shugaba. Ya amince, amma fuskarsa ta nuna an ci masa iyaka.

18 Agusta 2024

Iska ta yi ɓarna daren Laraba, ta yaye kwano shida a kan ɗaki na ɗaya da na biyu. Ƙarfe shida na safe Malam ya kira. Kafin in gama salati ya ce ya riga ya mayar da yaran zaurensa da kayansu, kafinta na hanya, kuɗin zai wuce 15,000 shi ya sa ya kira. Kafin magariba an rufe. Sabon kafintan ya nuna cewa na farko bai ɗaure katakon da ƙarfe a jikin bulo ba, ƙusa kawai ya buga. Wannan aikin lokacin canjin kuɗi ne, da ba wanda ke tsaye. Na sa a bi rufin duka a ɗaure. 74,000.

Da a hannun ofishin birni gidan yake, da sai Litinin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to Malam ɗakinsa na jikin nawa.

3 Nuwamba 2024

Wutar lantarki ta ɗauke a yawancin Arewa fiye da mako guda a ƙarshen Oktoba saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Injin rijiya ya tsaya, yara suka koma guga da sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Zan sa na sola in kuɗi sun taru.

Lissafin sabuwar shekara. Na ƙara haya zuwa 80,000, Malam ya ce kada in wuce haka, iyayen yaran manoma ne da ƙananan ma'aikata. Bakwai sun biya duka, ɗaya ya ba da rabi da alkawarin Janairu a rubuce. An samu 600,000. Na Malam 60,000. Na ware wa Baffa 80,000. Gyare-gyare tun Maris 118,000. Abin da ya rage mini 342,000.

A kan miliyan 8 da dubu 600, wannan bai kai kashi 4 cikin 100 cikakke ba. In haka za a tafi, sai shekara 25 kafin gidan ya mayar da kuɗinsa. Sukuk, takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da gwamnatin tarayya ta fitar a 2023, kashi 15.75 yake bayarwa a shekara, ba masai ba kwano ba Baffa. Abokan aikina da suka saya suna tsokanata da haka. Sai dai tsadar kaya a bana ta haura kashi 30, ke nan nasu uwar kuɗin narkewa take. Ni kuma birkila ya ce irin ginin nan yau ba zai tashi a ƙasa da miliyan 17 ba. Wanda ke neman abin cefane duk wata kada ya bi hanyata. Ni rumbu na gina, hayar kuma ita ke biyan mai gadinsa.

16 Fabrairu 2025

Mai rabin kuɗin bai iya cikawa ba, mahaifinsa ya kwanta rashin lafiya. Ya kwashe kayansa a ƙarshen Janairu, na ce a mayar masa da kuɗin ajiyarsa duka. Ɗaki na shida ya zama ba kowa.

Ranar Talata Baffa ya je wajen Malam da wani yaro, ɗan abokinsa daga wajen Gaya, ya ce a buɗe masa ɗakin tunda a rufe yake. Jikan Malam ne ya ba ni labari. Ya ce kakansa ya shimfiɗa wa Baffa tabarma, ya kawo ruwa, suka gaisa sosai, sannan ya shiga ya ɗauko takardar ya ce, "Alhaji, ka ga a gabanka ma aka sa hannu. Ba nawa ba ne. Ga waya, a kira mai shi."

Karo na farko ke nan da Baffa ya kira ni da kansa a kan gidan. Na ce, "Baffa, ai ba komai. Daga yanzu zuwa Satumba 50,000 ne. Kasonka na azumin bana 80,000, in ka ce a cire a ciki, yau yaron zai kwana a ɗakin." Ya yi gyaran murya, ya ce bari ya yi shawara.

Bayan kwana biyu sai ga 30,000 ta shigo asusun gidan daga uban yaron, wanda da aka ce ba shi da ko sisi. Jiya hoton littafi ya iso, da rubutun Malam mai kwanciya gefe: "Ɗaki na 6, an biya 30,000. Cikon 20,000 daga kason Alhaji, da yardarsa." A ƙasa Baffa ya dangwala yatsa.

Mai sola ya ce zai zo ya auna zurfin rijiya ranar Asabar. Na gaya wa Malam kada a ba shi kafin alƙalami sai ya rubuta sunan injin da ƙarfinsa a takarda. Ya ce ai ya riga ya ja layi.